Ranar da Wasa Ya Zo Hannuna Na Ƙi Bugawa

Ni dai ban gama firamare ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Karatun da na yi ya ishe ni karanta lambar tarago lokacin da nake lebura a tashar jirgin Kaura, da tsufa ya zo kuma ya ishe ni zama malami a fannin kartar cikin waya. Malami nake, amma sau ɗaya tak na taɓa cin wasa. Wannan sau ɗayan, har yau ban manta da shi ba.

Babban ɗana ne ya koya mini. Ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne. Ko a gida mai yadi muke ce masa, don yadi yake kaiwa kasuwar Shinkafi, wani lokaci Zurmi. Duk wanda ya san hanyoyin nan ya san yadda ake fita. Mutum ya shiga mota, na gida su zauna da zuciya a hannu. Kuma an daina kiran matafiyi, tun da aka ji labarin waɗanda suka ɓuya a daji waya ta tona musu asiri. Ko da ma ana kira, ni da uwarsa wa zai ɗauki waya ya tambayi ɗan fari ko ya sauka lafiya? Ai sai a yi da mu a unguwa.

Shi ya kawo dabarar, bai kuma ce dabara ce ba. Ya ce, "Baba, ga abin rage zaman banza." Na ce masa ni ba na zaman banza, tunani nake yi. Na karɓa.

To ku gyara zama, ga karatun. Kowa yana da sarkinsa a gefen allo, da lambar jininsa. Wanda jinin sarkinsa ya ƙare, an cinye shi. Ana raba maka katuna a hannu, kowane da halitta a jiki da lamba biyu: ta hagu ƙarfin bugunsa, ta dama yawan dukan da zai iya sha. Sunayensu na Turanci ne, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Kura, mai cizo. Akwai Mai Garkuwa, wanda dole a kawar da shi kafin a taɓa sarki. Akwai Ungozoma, mai mayar wa majinyaci jini. Ba a zubar da kati yadda aka ga dama, kowane da abincin da yake ci, abincin kuma kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa duk zagaye. Bi da bi ake yi. In ka ajiye naka, ka danna jan maɓalli, wasa ya koma hannun abokinka, ko yana Zurmi ko yana Makka.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Duk wanda wasa ya koma hannunsa, wayarsa za ta buga ganga, dum-dum. In ya yi jinkiri, ta sake bugawa, tana yi tana hutawa har sai ya buga. Wanda aka cinye kuwa, tasa algaita take busawa, doguwa, mai ban tausayi. Wannan algaitar babu wanda ya san ta a Kaura kamar ni.

Haka muka saba. Ranar tafiya, in ya fita, sai in buga nawa. In ya sauka, ya buga nasa. Gangata na kaɗawa, uwarsa za ta leƙo zaure ta ce, "Malam, wasan naku ya motsa?" In ce ya motsa. Ta ce, "Aikin banza dai," ta koma madafa tana waƙa.

Ranar da nake ba ku labari ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo. Ya fita da safe zuwa Shinkafi, na buga nawa kamar kullum. Hantsi ya yi, shiru. Na ce ƙila mota ce ta lalace. Rana ta fara zafi, sai ga wani ɗan acaba maƙwabcinmu ya tsaya ƙofar gida ko inji bai kashe ba.

"Baba, mai yadi ya tahi yau?"

Na ce ya tafi.

Sai ya ce 'yan bindiga sun tare hanya wajen Badarawa. Motocin baya sun juyo, na gaba kuwa mutanen ciki sun watse cikin gonaki. Wa aka ɗauka, wa ya tsira, ba wanda ya sani tukuna.

Ban tuna yadda na zauna ba. Na dai gan ni bisa tabarma, waya a hannu. Ina nan sai ganga: dum-dum. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har uwarsa ta fito da muciya a hannu. Sai na duba allon.

Shi mai yadi, a wasa marowaci ne kuma matsoraci, halin dangin uwarsa. Bai taɓa barin sarkinsa ba tare da Mai Garkuwa a gaba ba. Amma abin da na gani, an jefo Ungozoma a fili inda babu majinyaci ko ɗaya, an bar sarki tsirara da ɗan jinin da bai kai cizo guda ba, ga Kurata tsaye a gabansa. Ko akuya aka ba wayar ba za ta yi wannan wasan ba.

Abu biyu ne. Ko wayar tana hannun wani yana latse-latse, ko tana hannunsa amma hankalinsa ba ya jikinsa.

Uwarsa ta ce, "Ya motsa?"

Na ce ya motsa, amma ba shi ba ne. Ko kuma shi ne, amma ba lafiya ba.

"To mi kake jira? Buga mana! In shi na, ai ya amsa."

Yatsana har ya kai kan Kura. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba don cin wasa ba ne, so nake in ji motsi daga can, kowane iri. Sai na tuna da algaita. In na ci, wayarsa za ta busa. In ma ban ci ba, na ajiye wani kati na danna jan maɓalli, za ta buga ganga. In yana kwance cikin dawa fa, suna kewaye da shi?

Na janye yatsa na zauna a kansa, da gaske, na danne hannun da cinyata.

"Kai dai ba ka taɓa yin abu da sauri ba," in ji ta. Amma sai ta zauna bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi a zaure ba.

Ganga ta dinga kaɗawa a hannuna. Duk bugu ɗaya sai in ce gara nan da can. A zaure na yi azahar, don ina tsoron in tafi masallaci tausayi ya sa uwarsa ta taɓa wayar. Na kife wayar da ƙwarya kada ƙuda ma ya sauka a kai. Duk babur da ya wuce sai mu ɗaga kai tare. Wata mota ta shigo gari da gudu, aka ce da masu rauni a ciki. Na miƙe zan bi, na tuna da wayar, na koma na zauna. Tuwon rana ya ƙone a tukunya, ba wanda ya tashi. Na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba.

Rana ta yi sanyi sa'ad da babur ya tsaya. Mai yadi ya sauko da takalmi ƙafa ɗaya, riga duk laka, ganyen dawa ya yayyanke masa fuska. Ya durƙusa can nesa ya ce, "Baba, sannu da gida." Uwarsa ta dube shi sau ɗaya, ta juya ta shige ciki, sai muka ji tana kuka tana faɗa da kaji.

Ni kuwa, kun san ɗan fari. Na gyara murya na ce, "Kai, wanga wane irin wasa na? Ungozoma a hili ba majinyaci? Haka na koya maka?"

Ya ce da suka faɗa cikin dawa ya kwanta a kunyar gona, sai ya tuna wasa yana hannunsa, ganga na iya kaɗawa kowane lokaci. Kashe wayar kuma waƙa take yi. Sai ya jefa katin da yatsansa ya fara taɓawa, ya danna ja, ya turo mini gangar. Bai samu yin wani abu ba ya ji muryoyinsu, ya tura wayar ƙarƙashin cikinsa ya kwanta a kai. Ya ce ɗaya ya tsaya kusa har yana jin ƙaurin tabarsa.

"Addu'ata guda, Baba, kada ka buga. Na san na bar maka sarki a buɗe, kuma na san ka."

Na ce, "Ka san ni da mi?"

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban tantance dariya ce ko kuka ba. Can ya ce, "Yanzu dai kana iya bugawa."

Na ɗaga ƙwarya. Na tura Kura.

Algaita ta tashi daga aljihunsa, doguwa, ta cika zauren. Ban taɓa jin ta daga wayar wani ba. Ashe haka take da ƙara. Shi ya zabura ya dafe aljihu da hannu biyu, ni na toshe kunne, uwarsa ta fito da gudu ba ɗankwali. Muka tsaya muna kallon juna har ta gama busa.