Gwangwanin madarar da aka ba Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa, kuma har yau in na ji mutum ya ce "kwana ne ya ƙare" sai raina ya ɓaci. Kwana ya ƙare, na yarda, ni ma Musulma ce. Amma na san sakacin da ya kai shi ga mutuwa, kuma na gaji da yin shiru don kada a ce Hadiza ba ta da tawakkali.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa feshin maganin ƙwari a manyan sito na Kasuwar Kilomita Biyar, inda ake jibge buhunan wake da shinkafa da masara da manyan motocin kamiyo ke kawowa daga Kamaru. Zai goya famfo ya feshe bango da daɓe, ya cusa ƙwayoyin nan masu fitar da iskar guba tsakanin buhuna, a liƙe ƙofa har sai maganin ya gama aikinsa. Kayan kariyarsa kuwa tsohon rawani ne da yake jiƙawa ya naɗe hanci, da silifa. Idan ya fito, mai sito ya miƙa masa gwangwanin madara ya ce ya shanye, wai tana wanke guba daga ƙirji. Haka duk masu feshi suka gada, haka suka yi imani.

Mutumin da ya tsallake shekarun rikici, lokacin da ko unguwar Miskine da ke kusa da mu ba ma iya leƙawa, sai ga shi sito ya ci shi. Wani attajiri ne kayansa suka iso da wuri, direba na ta fushi, wurin saukewa babu. Aka ce Isuhu ya buɗe siton da aka rufe da magani ya gyara wuri, alhali lokacin buɗewa bai yi ba. Ya shiga da rawaninsa. Da ya fito yana layi yana amai, babu wanda ya tsayar da mota. Madara aka yi ta ɗura masa, gwangwani bayan gwangwani, har jikinsa ya saki. Kafin a kai shi asibiti aikin gama ya gama. Likitan ya gaya mana a fili cewa madara ba ta taɓa maganin wannan guba ba, lokacin da aka ɓata kawai ta ci. Attajirin ya zo gaisuwa da buhun shinkafa. Wallahi ban ci ko loma ɗaya ba.

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da zai zaga kasuwa yau. Ina jin dariya zai fara yi, don shi mutum ne mai barkwanci. Tun da aka yi korona, takunkumin takarda ya cika gari, sai masu sito suka sami abin fakewa. Yanzu a ba mai feshi shuɗin takunkumi ɗaya tare da madararsa, a ce an fita hakkinsa. Abin da aka yi don tare tari da atishawa, shi ake so ya tare iskar da ke kashe ɓera a cikin rami. Wannan ai rainin hankali ne. Mai sito ya san irin tamfol ɗin da ya dace da buhunsa, ya san kwaɗon da ɓarawo ba ya karyawa, amma ya kasa tambayar wane takunkumi ya dace da hancin ɗan Adam.

Ni na tambaya. Na bi shagunan Titin Koudoukou har na sami mai sayar da kayan aikin gona da ya yi mini bayani. Akwai takunkumin roba mai rufe fuska, da matatar iska da ake ɗaura masa, kuma kowace guba da irin matatarta, ana canja ta in ta tsufa. Sai safar hannu mai kauri, da takalmin roba, da riga mai rufe jiki wadda ba a shiga gida da ita. Ya ƙara da cewa siton da aka rufe da ƙwaya, ko da takunkumi, ba a kutsa kai sai an buɗe ya sha iska sosai.

Ba don nishaɗi na yi wannan yawo ba. Nura, babban ɗan Yaya, shi ya ɗauki famfon ubansa, yana da mata da 'ya'ya biyu yanzu. Na haɗa masa kayan na kai masa har gida. Ya karɓa da hannu biyu yana "singila, Gwaggo", wato na gode, don bakinsa ya fi saurin kama Sango, yaren garin nan. Bayan wani lokaci na leƙa, sai na tarar da takunkumin a rataye jikin ƙusa, ko ledarsa ba a cire ba.

"Gwaggo, zafi gare shi," in ji shi. "Kuma abokan aiki dariya suke mini, wai na fi kowa tsoron mutuwa."

Na ce masa, "Nura, cikin masu dariyar nan wa ya wanke gawar ubanka?"

An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma a kasuwarmu kamar ba a gani.

Yaya bai bar gida ba, bai bar shago ba. Ya bar sunan mutumin da ba ya ha'inci a aiki, har yau masu sito na yabonsa, kuma yabon nan nasu ƙona mini rai yake. Ya bar 'ya'yan da ba su taɓa kwana da yunwa ba yana raye. Ya bar Nura, mai tafiyarsa da muryarsa da taurin kansa. Allah Ya ji ƙan Yaya, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ku kuma masu sito, ku ji da kyau: duk ranar da zan ji an buɗe ƙofa an tura yaron nan ciki da takarda a hanci, ni zan zo in tsaya a bakin ƙofar, ku kira ni mahaukaciya. Na riga na karɓi gaisuwar mutum ɗaya a gidan nan, ba zan zauna a tabarma in karɓi ta ɗansa ba.