Kujerar Gaba a Motar Kawu

Kawuna direban haya ne a filin jirgi, amma bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Duk da haka, ambaci kowane gari na bayan teku, zai gaya maka awa nawa ake yi a sama kafin a iso. Aiki ne ya koya masa.

Idan majiyyaci ya cika alhali ɗansa ko 'yarsa na cikin jirgi, waya a kashe, Kawu ake turawa ya ɗauko, don fuskarsa ba ta tona asiri. Zai karɓi jaka, ya yi sannu da hanya, ya buɗe ƙofar baya, sannan ya bi doguwar hanya ta bayan masaƙa, wadda ba ta bi ta asibiti. A irin wannan ɗauko ba ya barin kowa a kujerar gaba. Mukan tsokane shi, mu ce aljanarsa ya ajiye wa.

"Ku yi ta dariya," ya ce mana wata rana yana goge gilashi. "Muddin jirgin nan yana sama, akwai mutum ɗaya a duniya da mamacin ke raye a wurinsa. To ina kuke so mamacin ya zauna kafin a faɗa wa mutumin nan? Ni dai ina jin nauyinsa a gefena."

Daga ranar ban sake yin dariyar ba. Maganar ta ba ni tsoro ƙwarai.

'Yarsa Auta a kujerar gaban nan ta girma, ta san duk dabarunsa. Yanzu aikin jinya take yi a wani gari, tafiyar awa goma sha huɗu a sama. Da ciwon Goggo, matar Kawu, ya tsananta, Auta ta hau jirgi. Bai kai rabin hanya ba Goggo ta cika.

Babu irin roƙon da ba mu yi wa Kawu ba ya bari wani ya je ɗauko ta.

"Na ɗauko na mutane, tawa ce za ta gagare ni?" ya ce.

Na raka shi, na zauna baya. Kafin ya tada mota sai ya miƙa hannu ya ja kujerar gaba baya kaɗan, yadda Goggo ke so saboda ciwon gwiwa. Har muka isa ban iya kallon wajen ba.

Auta ta fito tana jan jaka, tana murmushi. Ta nufi ƙofar gaba kamar kullum. Fuskar Kawu ba ta motsa ba, amma hannunsa ya riga ya buɗe ta baya.

Ta dubi hannun. Ta leƙa ta ga kujerar da aka ja. A hankali ta saki ƙofar, ta shigo kusa da ni.

"Baba," ta ce, "bi ta bayan masaƙa. Kada ka yi sauri."

Sai ta matsa, ta dafa bayan kujerar gaba.

"Mama, na iso."