Baƙin Rubutu Da Fushin Manaja

A ƙarshen shekarun tamanin ina akawu a ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Sharada, nan Kano. Aikina buga takardu: ta ɗaukar aiki, ta hutu, ta gargaɗi, ta sallama. Na daɗe ina dukan tafireta har yatsuna suka yi kanta, sai rannan masu kamfanin suka aiko da kwamfuta da wata firinta da aka ce da hasken lesa take rubutu. Ƙarti biyu ne suka shigo da ita suna nishi. Manajanmu, wani dogon mutum da ba ya rabuwa da kwat ko ana zafin bazara, ya sa aka ɗinka mata riga da atamfar kamfani, ya kuma hana cin goro kusa da ita.

Watannin farko rubutu ya riƙa fitowa tas, kamar na littafi. Daga baya ta fara canza hali. Wata takardar ta fito baƙi ƙirin har garin tawadar na ɓata hannu, wata ta fito fari-fari kamar ruwa ya dake ta, wata kuma dama baƙi, hagu dishi-dishi.

Galibin masaƙanmu daga ƙauyuka suke, wasu daga Nijar, kuma da yawansu ba sa karanta boko, balle Turancin ofis. Da can wurina suke kawo takarda in karanta musu. Yanzu sai suka samo hanya mai sauƙi: su dubi launi. In ta yi baƙi, Manaja ya fusata. In ta yi fari, wasa yake yi. Wani masaƙi daga Kumbotso ya karɓi gargaɗi na ƙarshe fari-fari, ya dawo har ofis ya durƙusa yana godiya. Wani kuma takardar hutunsa ta fito baƙi wuluk, washegari sai ga shi da kawunsa da limamin unguwarsu sun zo ba da haƙuri.

Na zaci in labari ya kai wa Manaja zai damu. Ashe daɗi zai ji. A cikin firintar akwai wani ɗan abin murɗawa mai lamba ɗaya zuwa tara, na ƙara baƙi ko rage shi. Ya kira ni ya tsayar da doka.

"Akawu, daga yau gargaɗi da sallama a tara. Hutu a uku. Ƙarin girma a ɗaya, kada su zaci murna nake yi."

"Ranka ya daɗe, ko a tara na sa, hagun ba ya fitowa."

"To ka mayar da muhimmiyar magana dama."

Haka nake wuni ina buɗe murfi ina murɗawa, kamar mai neman tasha a rediyo, ita kuwa firinta tana yin abin da ta ga dama. Ba a farga ba sai da Manaja ya aika wa masu kamfanin rahoton wata uku. Sunansa da muƙaminsa suna ƙasa ta hagu, kuma a nan ne rubutun ya ɓace sarai. Rahoton ya dawo da tambaya a samansa da jan biro: wane ne ya rubuto wannan?

Ran nan ko shayi bai sha ba. Nan take ya kafa kwamiti na mutum biyar, shi ne shugaba. Sun zauna sau uku, ba wanda ya ɗaga murfin firintar a cikinsu. Suka gano cewa laifin na takarda ne, in kuma ba na takarda ba ne, to hannun akawu ne ya yi nauyi. Suka ba da shawarar a ƙara fanka a ofishin Manaja, tunda a can ake karanta abin da ta buga.

Wanda ya fara faɗin magana mai kai shi ne shugaban sashen rini, wani dattijo mutumin Damagaram da faratansa suka rine da shuɗi. Ya zo karɓar takardar ɗaya daga cikin mutanensa, ya ga tarin waɗanda suka lalace a kan teburina. Ya ɗauki uku, ya je bakin taga ya ɗaga su.

"Akawu, wannan ba fushi ba ne. Ka duba, kullum gefe ɗaya ne ke koɗewa."

"Baba, injiniya sai mako mai zuwa zai taso daga Legas. Me kuke ganin zan yi?"

"Cire hannunka daga abin murɗawar nan. Mu in yadi ya fito da launi biyu, ba ma ƙara rini. Samfuri muke yankawa kullum, mu jera, mu ga inda yake tafiya. Ka buga shafi iri ɗaya kowace safiya, ka rubuta ranar a bayansa."

Na yi yadda ya ce. Na bar lamba a biyar, ina ce wa Manaja a tara take, shi kuma yana duba takardun gargaɗi yana gyaɗa kai. Da na jera shafi shida a kan benci, ko makaho ya shafa ya san hagu na raguwa kullum.

Injiniyan da ya zo ɗan gajere ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya dubi shafukan nan ya ce sun rage masa aikin yini guda. Ya yi mana bayani a tsaye: haske ne ke zana rubutu a jikin wata ganga da ke juyawa a ciki, garin tawada kuma inda hasken ya taɓa yake kamawa. In haske ya yi rauni a wani gefe, gari kaɗan zai kama a wurin, ko da an murɗa lamba har ta karye. Ya kwance murfin sama, ya haska da tocila, sai ga ɓurɓushin auduga ya kwanta a kan wani siririn gilashi da hasken ke bi, ya fi kauri ta hagu, ɓangaren tagar da ke kallon sashen kaɗi. Ya goge da ƙyalle mai laushi. Sannan ya jona wani ma'auni, ya sa ɗan sukundireba ya daidaita ƙarfin hasken, yana bugawa yana dubawa, har shafi ya fito baƙi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ya manne lambar a biyar da salatif. Ya ce a rufe tagar, a kuma cire rigar atamfar, don ita ma zare take zubarwa tana toshe mata iska.

Manaja ya haɗiye maganar riga da ƙyar, amma salatif ɗin ya tsaya masa a wuya.

"To yanzu ta yaya za su san na yi fushi?"

Injiniya yana naɗe wayoyinsa ya ce, "Yallaɓai, sai ku rubuta a ciki."

Bayan kwana biyu na buga rahoton da ke cewa kwamiti, bisa jagorancin shugabansa, ya shawo kan matsalar bayan dogon nazari. Ya fito tas, sunan Manaja ya fi komai kyau. Na tambaye shi ko a ambaci dattijon sashen rini, ya ce rini daban, ofis daban.

Masaƙa kuwa ba su ji daɗin gyaran ba ko kaɗan. Takardu duk sun zama launi ɗaya, ba a gane ta alheri da ta tsiya, sai layi ya dawo bakin teburina. Har wani ya ce mini tun da aka taɓa injin nan Manaja ya zama mai zurfin ciki.

Shafin safe ban daina buga shi ba. Dattijon yakan biyo duk Litinin kafin ya shiga sashensa, ya ɗaga na ranar da na makon jiya a bakin ƙofa. Sau da yawa ni ban ga bambanci ba, shi sai ya ce, "Ya fara." In na buɗe murfin, sai in tarar da audugar a kan gilashin.