Inda Ƙibata Ta Tafi

Shekarun baya, lokacin da nake ɗauke da cikin fari, babu abin da ya dame ni kamar ƙiba. Ni da na taso siririya har ana tsokanata a gida cewa in iska ta taso in riƙe turmi, sai ga ni cikin 'yan watanni na buɗe ta ko'ina. Cikin kansa bai dame ni ba, na san mai shi zai fito. Cinyoyi da ƙugu da damatsa su ne suka tsaya min a rai. Ɗinki nake yi a gida a Faskari, kun ga kuwa tef kullum yana wuyana. In na gama auna masu kawo ɗinki suka fita, sai in auna kaina, in zauna ina ƙunci ni kaɗai.

Mijina in ya ga na ɓata rai sai ya ce, "Ke dai ki gode wa Allah, lafiya ce." Ni kuwa in ya faɗi haka, ji nake kamar ya zage ni.

Da na haihu, aka samu mace, sai aka kai ni wankan gida wurin mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke bayan Sabuwa. Na tafi da shirina a zuci: wanka zan yi, amma kunun kanwa da naman da ake cusa wa mai jego, sai dai in taɓa in ture. Ashe rage cin da ke jirana ya fi wanda na shirya.

Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ga shi daminar da ta wuce ba a noma gonakin nesa ba saboda mutanen daji, kasuwa ma ba ta ci sosai. Ana cikin haka ruwa ya cinye hanya, mota ta daina shigowa. Mijina yana da abin kawowa, hanyar kawowa ce babu. Gidan ya koma tuwo sau ɗaya a yini, sauran kwaɗon tafasa da rama. Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, bakina ya yi ɗaci, ɗan abin da aka samu ma da ƙyar yake wucewa.

A nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Jaririyar nan ba ta da wani abinci a duniya sai ni. Babu madarar gwangwani a ƙauyen, babu hanyar zuwa nemo ta. In nono ya ƙafe, ban san abin da za mu yi ba.

Wata rana gwaggona, yayar mahaifinmu, ta shigo duba ni. Ta ƙare min kallo ta juya wurin mahaifiyata.

"Yarinyar nan ta zube hwa. Mai jegon da ba ta ci, mi za ta ba ɗiya? A hwara ɗura mata koko tun da wuri."

Mahaifiyata tana hura wutar ruwan wanka, ba ta ko ɗago ba. "Mu ɗan saurara, Yaya. Tana tsotsa, tana barci, tana jiƙa zane. Ran da ta yi kukan yunwa, ni da kaina zan dama."

Ranar kukan yunwar nan ba ta taɓa zuwa ba. Zazzaɓin ya sake ni, amma na ci gaba da ramewa, zoben hannuna har ya fara zamewa in ina alwala. Yarinyar kuwa kumatu suka fito, wuya ya ninku, cinyoyi suka yi guru-guru, sai an buɗa su ake wanke tsakani. Ina kallonta ina mamakin daga ina take samu.

Da ruwa ya ja, masara ta nuna, mijina ya samu shigowa. Ya dube ni, ya dubi yarinyar. Can ya ce, "Wai ke aka yi wa jegon ko ita?" Muka yi dariya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa.

Bayan mun koma Faskari na kai ta rigakafi. Malamar asibitin ta ɗora ta a sikeli ta yaba, ni kuma na ba ta labarin daminar da muka sha. Ita ta warware min abin. Ta ce abincin da mutum ya ci ya wuce buƙatarsa, jiki ba ya zubarwa, kitse yake mayar da shi ya adana. Mai ciki kuwa, jikinta da gangan yake tarawa a cinya da ƙugu, saboda shayarwar da ke tafe. In abinci ya yi ƙaranci, sai ya koma yana ɗiba kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ɗiba a rumbu.

"Amma kar ki je ki ce na ce mai jego ta zauna da yunwa," in ji ta. "Ajiyar tana ƙarewa. Kuma wadda ake ta tarawa ba a ɗiba, ita ke jawo hawan jini da ciwon suga."

Na goya yarinyar muka kama hanyar gida da ƙafa. Tana da nauyi, sai da na tsaya na gyara majanyi a hanya. Ina tafe ina tunanin nauyin nan na jikina ne, wuri kawai ya sauya.

Yanzu tana firamare, ga surutu kamar ta ari baki. Ƙibar ta dawo min bayan haihuwar ƙannenta, har likita ya ce in rage, kuma ina ragewa: na sassauta tuwon dare, ina zagaye da yamma. Sai dai na daina jin haushin jikina, kunyarsa ma nake ji in na tuna. Duk watannin da na yi ina hararar sa, shi yana can yana yi wa 'yata tanadin abinci, tun kafin in san fuskarta.