Kabarin da Muka Hana Fong Kee Lum

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1938, da hantsi, Allah ya karɓi ran Fong Kee Lum, mai lambu kuma mai dafa abinci a gandun shanunmu na Kinnoch. Matarsa Dinah ce ta same shi kwance tsakanin kunyoyin kabeji, sandar ɗaukar ruwa tana kafaɗarsa, garwa ɗaya ta kife. Ni Muriel, da aka haife ni a gidan nan na girma da girkinsa, nake rubuta wannan, kuma da kunya nake rubutawa.

Baba Lum, ka zo ƙasar nan kana saurayi neman zinariya, ka same ta ta ƙare. Aikin da ya rage wa Basine shi ne tukunya da lambu, sai ka rungume su. Haka aka raba aiki tun kafin in yi wayo: mu Turawa mu ba da umarni, ku Sinawa ku dafa, mutanen Dinah, 'yan asalin ƙasar, su hau doki su taro shanu, matansu su yi wanki. Cin abinci ma haka. Mu a teburi, kai a tsaye a madafa, su kuma a bayan gida wajen tarin itace.

Mahaifina ya ce ka riƙa dafa tukunya biyu, mai tsoka tamu, mai ƙashi tasu. Ka ce to. Ina yarinya na kama ka kana kwashe tsoka daga tamu kana zubawa a tasu, na ce zan faɗa. Ka ɗaga ludayi ka ce, "Je ki faɗa, sarkin tsegumi. Gobe ubanki ya hau doki ya taro shanun da kansa, mu ga ƙarfin tsokar da ya ci." Ban faɗa ba, don ka toshe mini baki da soyayyen kabewa.

Ba ka da haƙuri, wannan kowa ya sani. Awakin gidan nan sun sha zagi da harshe uku. Amma shekarar fari, da gyambo ya kama makiyaya saboda cin nama mai gishiri kullum, kai ne ka yi ta jigilar ruwa daga tafki har kafaɗarka ta yi kanta, don kada ganyen ya mutu. Ka bi kowa da kwano, fari da baƙi, kana masifa kana ɗura musu. Ba mu rasa mutum ko ɗaya ba.

Hukuma ba ta taɓa yarda da aurenka da Dinah ba, mu ma muka riƙa yin kamar ba mu gani. Abu ɗaya ka taɓa roƙona. Bara, kana yankan albasa, ka ce, "Uwargida, in na mutu ku sa ni a gefen lambu. Tsohuwar nan ba ta iya zama ita kaɗai, kuma ba mai barinta ta shiga gari." Na ce kada ka damu.

Da ranar ta zo, mijina Gordon ya ce ƙasar da ke kusa da gida ta kaburburan iyali ce, Sinawa suna da nasu lungu a makabartar gari. Na buɗe baki, na tuna maƙwabta za su ji, na rufe. Dinah ba ta da takardar izinin shiga gari, kuma lokacin tara shanu ne, makiyaya suna jiran ta gasa musu burodi. Aka ɗora ka a bayan mota. Ta tsaya a bakin ƙofar shinge da garin fulawa a hannuwanta, ba ta yi kuka ba, mu kuma muka wuce ta.

A gari, Kwong mai kanti da sauran tsofaffin Sinawa suka yi maka abin da ya dace. Suka ajiye shinkafa da shayi da gasasshen nama a kan kabarin, suka ƙona turare. Na tambayi Kwong ko za a tono ƙasusuwanka bayan shekara bakwai a aika ƙauyenku, kamar yadda suke yi wa nasu. Ya dube ni ya ce, "Ai ya hana mu tun tuni. Ya ce gidansa ya tashi daga can, ya koma bakin tafkinku. Mun ɗauka kun sani." Na sani, Baba Lum. A duk makabartar nan ni kaɗai ce na san abin da ka roƙa.

Na komo da dabarata, ina jin na samo gyara. Na tarar da Dinah a lambu, ta ɗauki sandarka tana ban ruwa. Na ce mata idan shekarun sun cika, zan sa a tono ka a dawo da kai nan, ko Gordon ya so ko ya ƙi. Ita ce ta goye ni, in muna mu biyu ba ta ce mini Uwargida. Ta sauke garwa ta ce, "Shekara bakwai? 'Yata, dube ni da kyau." Na dube ta. Sai ta ce, "Kafin nan wa zai kai wa tsohon shayi? Ba ya sha da sanyi."

Tun ranar ba ta ambaci sunanka ba, domin mutanenta ba sa kiran sunan mamaci. Mu ma a teburi ba mai ambatonsa, amma namu shirun ba na girmamawa ba ne.

Ubangiji ya yi maka rahama, Fong Kee Lum, ya ba ka wurin hutawa da ba mai cewa ba naka ba ne. Ina miƙa ta'aziyya ga Kwong da 'yan'uwanka na gari, da makiyayan da ka ciyar, da danginka na ƙetaren teku in akwai sauran mai tunawa. Dinah kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, ya kuma ara mata shekara bakwai, tunda ni na kasa ba ta yini ɗaya.