Garin Mangwaro a Gwangwanin Madara

A shekarar da maigidana ya samu aikin titi har ya rufa wa ɗakinmu kwano, a shekarar aka sa ranar yaye 'yata ta fari. Muna zaune a Basirka, gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Yarinyar ta kusa shekara biyu, amma wallahi in ka ɗaga ta kamar ka ɗaga zani. Dasashinta ya kumbura, ko tuwo ta tauna sai ka ga jini a bakinta. Kunu ma sai an yi kokawa kafin ta sha.

Ga shi kuma 'yar fari ce. 'Yan matan yanzu ba za su gane ba. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta yi kuka sai in kau da kai har wani ya ɗauko ta ya miƙo min. Ko nono sai na shige ɗaki. In aka ga kina nan-nan da ɗan fari, shi ke nan kin zama abin hira a bakin rijiya, ni kuwa ina da zuciya, ba na son a yi da ni. Saboda haka abin yana cina a ciki, fuskata kuwa kamar ba ni na haife ta ba.

Inna ce ta kai ta asibiti Birnin Kudu, ni aka bar ni a gida. Da ta dawo sai ta zauna a tsakar gida tana ba ɗanta labari da murya sama-sama, ni ina bayan zana ina tankaɗe. Ta ce ma'aikaciyar da ta duba yarinyar ta ce ba maita ba ce, ba iska ba ce, rashin 'ya'yan itace ne. A riƙa ba ta kullum, kuma ɗanye, don wuta tana kashe amfaninsa. Tun da aka fara matsa mata mangwaro a baki kuwa jinin ya ragu. Shi kaɗai take karɓa ba gardama.

To, nan hankalina ya tashi. Saura kwana goma sha biyu a kai ta Kiyako, can kusa da Birnin Kudu, wajen mahaifiyata yaye, kamar yadda aka saba, ta yi wata biyu ban gan ta ba. Mangwaro kuma ya ɗauko ƙarewa a ko'ina, bishiyar bayan gidanmu ma sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango 'ya'ya. In ya ƙare, me za a ba ta? Damina ta kawo jiki, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ba wanda ke zancen kayan marmari. Na riƙa hango ta a can tana ƙin kunu, bakin yana jini, ni ina nan ina daka.

Sai na ce a raina, ana shanya kuɓewa a daka, ana shanya tumatir, mangwaro ɗan gidan wa ne? Akwai ragowar fallen kwano a bayan ɗaki. Na zaɓo waɗanda suka nuna luɓus, na matse tsokar, na shafa a kan kwanon, na baza a tsakiyar rana. Ina murna wai dabara ta zo wa mai ita.

Kai! Kafin la'asar abin ya koma baƙi kamar maɗi, ya manne wa kwanon, ƙudaje kuwa kamar an yi musu shela. Na kankara da wuƙa na ɗanɗana, ɗaci-ɗaci da warin ƙuna. Ranar bazara a kan kwano ai wuta ce, ni da kaina na dafa shi. Mangwaro takwas na ɓata, cikin ɗan abin da ya rage. Na tsuguna ina kankara ina hawaye, ina jin haushin kaina.

Ban san Inna na tsaye a kaina ba.

"Wannan ɓarnar fa, ta mece ce?"

"Kwaɗayi nake ji, Inna. Ni zan riƙa lasa da damina."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke zaune a gindin turmi, ta sake dubana. "Oho, ke ce mai kwaɗayin. Allah Sarki, babbar mace da ke." Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Sauri ya haifi nawa. Tashi ki ɗauko faifai, tunda kwaɗayin naki ya kai haka."

Ita ta nuna min. Ba a ɗaukar wanda ya yi luɓus, sai wanda ya nuna amma da sauran ƙarfinsa. A fere, a yanka tsokar siriri-siriri har kina hango yatsanki ta ciki. Ba a kai shi rana, sai ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, a rufa da mayafi mai shara-shara saboda ƙuda. Ta ce duk abin da ya canza kala a shanya ya bar amfaninsa a can, shi ya sa ita ko ganyen kuka ba ta yarda rana ta gan shi. In ya bushe yana nan rawaya, to yana nan da ransa.

Muka kakkaɓe bishiyar tas, faifai bakwai muka cika. Daga nan ba ni da aiki sai kallon gabas. Ina tuƙa tuwo ina leƙen sama, ina wanki ina leƙen sama. Safe da yamma in juya yankan ɗaya bayan ɗaya, in lanƙwasa in ji ko zai karye. Ba ya karyewa, sai dai ya lanƙwashe kamar fata. Inna ta ce, "Ki bar taɓa shi haka, ba kya ƙara masa sauri."

Rana ta huɗu da azahar hadari ya haɗo. Mutanen gari suna ta hamdala, maza suna fito da fartanya, ni kaɗai a Basirka nake roƙon Allah a zuci ya ɗan jinkirta, ina yi ina istigfari. Iska ta taso ta yaye mayafin, ta kifar da faifai ɗaya a ƙasa. Na kwashe sauran zuwa ɗaki da gudu, biyu-biyu, ina tuntuɓe, ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba. Ruwan bai fi na jiƙa ƙura ba, amma ya bar danshi a iska. Washegari na taɓa yankan na ji ya yi laushi.

Muka mayar da shi rumfa. Allah ya taimaka aka yi kwana biyar ba gajimare. Ana jibi tafiya na lanƙwasa ɗaya, ya ce ƙas.

Da na zuba a turmi kuma sai ga wata sabuwa: zaƙin ya sa yana dunƙulewa yana bin taɓarya. Na ce shi ke nan, wahalar banza na yi. Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da garin 'ya'yan kuka, irin wanda ake kaɗawa a nono. Ta riƙa barbaɗawa ina dakawa, yana shanye danƙon, har ya saki ya zama gari. Ta ce shi ma ai ɗan itace ne, tsaminsa magani ne. Muka tankaɗe a rariya. Bishiya guda, faifai shida, duk abin da ya fito bai wuce cikin gwangwanin madara ɗaya ba. Na danna murfin, na naɗe da tsumma.

Ranar tafiya Inna ta goya yarinyar, maƙwabta sun taru a ƙofar gida ana jiran mota. Ya kamata in zauna a ɗaki kamar ba da ni ake ba. Na fito, na tura gwangwanin cikin ƙunshin kayan, na ce, "Tsaraba ce, a kai wa tsohuwa." Na juya zan koma, ƙafata ta ƙi. Bakina ya kuɓuce a gaban kowa:

"Inna, cokali ɗaya safe, ɗaya yamma. A ruwan sanyi. Don Allah kada a zuba mata a kunu mai zafi, kuma a riƙa rufewa."

Wata maƙwabciya ta rangaɗa shewa, "Au, tsohuwar ce ake ba a cokali?" Aka kwashe da dariya. Na shige ɗaki na rufo ƙofa, ina jin ƙarar motar har ta ɓace.

Wata biyun nan ban ji daɗin komai ba. Duk ruwan da aka yi sai in ce danshi ya shiga gwangwanin. Duk wanda ya fito daga wajen Birnin Kudu ina so in tambaye shi, ba dama. Sai dai in kasa kunne ko wani zai ambata, in ba a ambata ba in ce ɓoye min ake yi.

Da lokaci ya yi na tafi Kiyako. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tsince wake, yarinyar na laɓe a bayanta, tana leƙena kamar baƙuwa. Na gaishe da kowa, na tambayi gona, na tambayi awaki, ban tambaye ta ba. Ta wutsiyar ido nake ƙoƙarin ganin bakinta, ita kuwa ta ƙi buɗewa. Can gefe na hango gwangwanin a kife, an wanke shi.

Mahaifiyata ta bar ni na gama kame-kamena. Sannan ta jawo yarinyar ta tura ta tsakanin gwiwoyina.

"Idona ya mutu kwanan nan," in ji ta, alhali tsakuwa take tsincewa a wake. "Duba min bakin 'yar nan, ki gaya min abin da kika gani."

Na riƙe fuskarta da hannu biyu, a tsakar gida, rana tsaka. Kumatun sun cika min tafi. Na ɗaga leɓen da babban yatsa: dasashin ya kwanta, jajir mai kyau, ba ɗigon jini, ga wasu haƙora biyu sababbi.

"Lafiya lau," na ce.

"Anya? Sake dubawa dai da kyau, kada ki yi sauri."

Ta juya mana baya ta ci gaba da tsintar wakenta.