Ƙarin Takardar da Malam Manga Bai Nema Ba

Duk wanda ya yi firamare a Majiɗadi ya san rubutun Malam Manga tun kafin ya riƙe fuskarsa. Harafinsa ɗaya ya kai ƙwan kaza. In aka yi masa tsiya sai ya ce yaron da ke bencin ƙarshe shi ma ɗan mutane ne, dole ya gani. Hannun nan ya daɗe a jikin allo har ya manta yadda ake matse rubutu a takarda.

Bafulatanin gari ne. Kakansa ya ajiye sandar kiwo ya zauna a Jalingo, shanu suka tafi, amma kunyar nan da suke kira semteende ta zauna daram a gidan. Manga bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari, Hamna, ba. "Waccan" yake cewa, matarsa Asta ta gane. Mijin Hamna kuwa, Nasiruddeen, in suka hangi juna a hanyar Mayo Gwoi, kowa lungu yake nema. Manga bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, balle ya buɗe baki ya roƙe shi wani abu.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa duk malamin da ke riƙe da tsohuwar takardar shaida ya koma ya ƙaro karatu, in ba haka ba a cire shi daga aji. Aji kuwa shi ne ran Manga. Da furfurarsa ya shiga karatun hutu a wata kwaleji, inda surukin nasa yake koyar da lissafi. Bai damu ba, tunda shi Hausa yake karantawa, sashensu ma ba ya kallon na lissafi.

Ya haye kowace jarrabawa, saura ta nazarin harshe. A ita ake ba ka rubutu biyu da ba ka taɓa gani ba, ka zauna ka kwatanta yadda kowanne ya sarrafa magana. Wannan ko a jikin Manga. Shi da abokinsa Simeon, wani malami daga unguwar Turaki, sun sha yanko labarai daga tsofaffin jaridu suna gwadawa a gindin mangwaro, kullum Manga ke gaba.

Ranar jarrabawa suka zauna, ɗan ƙaramin aji na tsofaffin malamai, Simeon a kujerar da ke damansa. Sai aka ce mai sa ido ba ta da lafiya, an turo wani a madadinta. Ƙofa ta buɗe. Wa zai shigo? Nasiruddeen, rungume da takardu!

Manga ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Shi da ya aurar da 'ya, yau ga shi a kujerar ɗalibi, gwiwa na dukan tebur, suruki a tsaye a kansa. Nasiruddeen ma da ya gan shi sai da takardun suka kusa zubewa. Ya miƙa wa na gaba ya raba wa layin Manga, shi kuma ya koma can ɗaya gefen ya kafa ido a taga.

Tambayar kuwa kamar don Manga aka yi ta. Rubutu na farko sanarwar hukuma ce ga manoma da makiyaya a kan burtali, wato hanyar shanu. Na biyu maganar wata tsohuwa ce a taron sulhu, a kan wannan burtalin dai. Nan take ya ga bakin zaren. Sanarwa tana ba da umarni ba ta kiran sunan kowa, tsohuwa kuma tana kiran kowa "ɗana", tana lallashi da abin da ido ya gani. Ya sunkuyar da kai don kada ya haɗa ido da suruki, ya saki hannu. Ya yi shimfiɗa doguwa kamar gaisuwar safe, ya bi sanarwar nan ya feɗe ta tas. Yana juya shafi don ya kama tsohuwa, sai ya ga bangon littafin amsa. Rubutun allo ya cinye takarda kaf.

Abin da ake yi ba wuya. Ka ɗaga hannu, ka ce a ƙaro takarda, shi ke nan. Manga ya ɗago hannun har ya bar tebur, sai ya sosa kunne ya mayar. Haba! Ya kira mijin waccan, a gaban mutane, ya ce ba ni?

Simeon ya ɗaga nasa hannun ba ko ɗar. Nasiruddeen ya taho ta bayan aji, ya zagayo ta can gefe, kai a ƙasa, ya ajiye masa. Tarin takardun nan ya wuce kusa da Manga, da ya miƙa yatsa sai ya taɓa. Maimakon haka sai ya sa hannun riga ya rufe littafinsa, don kada yaron ya ga ya cika.

Simeon ya lura. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam Manga, takarda naka ya ƙare ne? Bari in gaya masa."

Manga ya harare shi, ya girgiza kai da ƙarfi. Simeon ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da rubutunsa. Haka Manga ya zauna har aka ce a ajiye biro, da maganar tsohuwa cike da kansa, ba inda zai sauke ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Nasiruddeen ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, nesa da tabarma. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, a gafarce ni, ban san ajinku za a tura ni ba. Shi ya sa na yi ta kawar da kai daga wajenku, don kada in takura muku. Amma na ji daɗi. Na faɗa wa abokan aikina, kowa yana ta neman ƙarin takarda, Baba kuwa tun da sauran lokaci ya ajiye biro."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Manga ya shige. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Asta, da ke jin su daga tsakar gida kuma ta san gaskiyar abin, ta saki ludayi ta shige ɗaki.

Sakamako ya fito yadda kowa zai zata, domin ba a kwatanta abu ɗaya da kansa. Kafin zagayowar jarrabawar an riga an ba wani saurayi ajinsa. Shugaban makaranta, da yake yana jin nauyinsa, bai sallame shi ba, ya ba shi makullin sito inda ake ajiye alli da littattafai.

Yanzu can za ka same shi, a kan benci a ƙofar sito, yana jiyo muryar yara daga ajin da ya bari. Malamai suna yi masa dariya a bayan ido, wai tsufa ya sa shi ɓarna da kayan makaranta. Domin duk wanda ya tunkaro ƙofar nan, Manga ba ya jira ya yi magana. Yana ganin mutum ya fara sosa kunne, sai ya tashi ya ɗebo takarda ya danƙa masa a hannu.